Amshin da Yaya Bai Goge Ba

Masu karatu, bari in fara da abin da na tabbatar, tun da haka aka koya mini a wurin aiki. Yayana ya rasu. Ya bar albam uku da ba su fita ba. Muryata tana cikin dukkansu. Sauran maganar ra'ayi ce, kuma a gidanmu kowa yana da nasa.

Ni ce auta. Aikina gyaran labarai a wata jarida: a kawo mini rubutu mai tsawo, in yanke abin da ba a buƙata, in sa masa kanu, in tura. Shi ya sa Yaya yake kirana Edita tun kafin a ba ni tebur nawa na kaina. Shi kuwa furodusa ne na 'yan hip-hop, irin waɗanda rediyo ba ta sa waƙarsu amma matasa suna tura wa juna a waya. Ban san girmansa a wannan duniyar tasu ba sai da ya mutu, samari masu manyan riguna suka cika layinmu, suna tsaye, sun rasa inda za su sa hannuwansu.

Abin da kowa ya sani game da shi, ba ya magana a waƙa. Wasu furodusoshin suna kiran sunansu a farkon kiɗa, shi ba ya yi. Bai taɓa yarda an yi hira da shi ba. Na taɓa roƙonsa don jaridarmu, ya ce in rubuta cewa ya ƙi cewa komai. Ko saƙon murya ba ya turawa, sai rubutu, kalma biyu: "ina zuwa". Bayan rasuwarsa Umma ta ba ni wayarta ta ce in duba mata ko akwai inda ya yi magana. Na duba. Babu. Ta karɓi wayar ta sa a ƙarƙashin filo, ba ta sake tayar da zancen ba.

Yadda muryata ta shiga kuwa, ba wani abin ɓoyo ba ne, rashin haƙurinsa ne kawai. In amshi ya zo masa a kai, ba ya iya jiran mawaƙiya. Sai ya leƙo daga ɗakin aikinsa na bayan gida ya ce, "Edita, ara mini maƙogwaro." In zo da rigar gida, wani lokacin da ludayi a hannu, ya tsayar da ni gaban makirfo, ya rera mini in bi shi. Amshin riƙon ƙwarya yake kiransa. In mawaƙiyar gaske ta zo ta yi nata, sai ya goge nawa. Haka aka yi a duk waƙoƙin da suka fita. Waɗannan ukun ne bai kai ga gogewa ba.

Umma ta bar maganarsu a hannuna. Ni kuma na miƙa su ga Injiniya, abokin aikinsa da ke tace masa sauti. Mutum ne mai gilashi, mai farar riga kullum a goge, mai gaisuwa har ƙasa. Ya fara zuwa gidanmu don aikin, ya ci gaba da zuwa bayan babu abin tambaya game da aikin. Da ya faɗi abin da ke kawo shi, gida ya ɗan yi haske. Ni ban ƙi shi ba. In kuka tambaye ni ko ina sonsa, zan ce tun rasuwar Yaya ban ji ɗanɗanon shayi ba ma, don haka ba ni ce shaidar da ta dace ba.

Matsalar ta zo ta hannun Lauya, ɗaya daga cikin mawaƙan Yaya, wanda ya bar karatun shari'a ya kama makirfo. Ya ji wata waƙa a sutudiyon Injiniya, ya ɗauki guntu a waya ya sa a shafinsa, ya rubuta a ƙasa: "Ku ji muryar ƙanwar oga." Na ga bidiyon a ofis. Ban buɗe sautin ba. Na karanta abin da mutane suka rubuta, na gyara kuskuren rubutu biyu a raina, na rufe.

Ranar Asabar da safe Gwaggo ta iso. Tun daga ƙofa turarenta ya riga ta shigowa. Mayafinta ja mai duwatsu, jakarta a ƙuƙume a hammata kamar za a ƙwace. Umma tana zaune a kan tabarma a falo tana tsince shinkafa a faranti, labule a sauke, talabijin a kashe yadda take tun ranar da Yaya ya rasu.

"Ke Auta, zo nan. Ashe tauraruwa gare mu a gida ba mu sani ba?"

"Ina kwana, Gwaggo."

"Wa ya ce miki na kwana? Uwar yaron nan Injiniya ta kira ni, Hajiya da kanta. Mata tana magana a hankali kamar mai karanta sanarwa, ni kuwa gumi yana bin bayana. Ta ce 'yarta ta nuna mata. Ta ce su a gidansu ba a taɓa auro mawaƙiya ba."

"Gwaggo, kin saurara?"

"In saurari me? Ba na buƙata. An faɗa mini."

Umma ba ta ɗago ba. Ta ware tsakuwa ɗaya ta ajiye a gefen faranti.

Gwaggo ta zauna, ta zare takalmi da ƙafa. "Ba wani abu mai wuya suka nema ba. A cire muryarki, a goge ta gaba ɗaya, a sa ta wata da wannan ne sana'arta. Shi ke nan, magana ta ci gaba. Yaro mai hankali, mai aikin yi, ba ya sha, ba ya yawo. Kin san yadda irinsu suka yi ƙaranci? Ni 'ya'yana mata huɗu na aurar, na san kasuwar."

"Na ji."

"Kin ji, ko kin yarda? Ku 'yan jarida 'na ji' ɗinku ba ta da ƙashi."

Na kalli Umma. Ta ce, ba tare da ta kalle ni ba, "Ki yi abin da gwaggonki ta ce, Auta. Ni ba ni da ƙarfin wata magana."

Wayata ta yi ƙara. Saƙo ne daga Injiniya.

"Ranki ya daɗe, za ki iya zuwa sutudiyo? Akwai abin da ya kamata ki ji kafin yamma."

Na rubuta: "In maganar cirewa ce, ka cire."

Ya rubuta: "Ki zo dai."

Na sa doguwar riga ruwan toka, wadda nake sawa in ban son a lura da ni a taron manema labarai, na yafa baƙin gyale. Gwaggo ta bi ni da kallo ta ce wannan ba shigar zuwa wurin saurayi ba ce, ta zuwa asibiti ce. Ban canza ba.

Sutudiyon yana saman wani shagon gyaran waya, ana hawa ta wani ɗan siririn bene mai warin fenti. Bango duk soso ne baƙi. An kashe fanka saboda ƙara, ɗakin ya yi ɗumi. Lauya yana zaune a ƙasa ya jingina da ƙofa, da ya gan ni ya miƙe da sauri har hularsa ta faɗi.

"Anti, ki yafe ni. Wallahi yabo na yi."

"Yabonka ya kusa cinye mini aure," in ji Injiniya, bai juyo daga kwamfuta ba.

"Oga, ai kai ka kunna."

"Na kunna, ban ce ka buɗe gidan rediyo ba. Fita ka sayo ruwa."

"Akwai ruwa a firji."

"To fita ka sayo wani."

Ya fita. Injiniya ya jawo mini kujera, ya goge ta da hannu ko da yake babu ƙura. A allon kwamfuta akwai layuka masu launi jere, kowanne da sautinsa: ganga, jita, muryar mawaƙi. Ya nuna wani kore a ƙasa.

"Wannan ne naki. Zan kashe sauran, ki ji shi kaɗai."

Ya danna.

Da farko ƙarar ɗaki ce kawai, irin shirun da ba shiru ba. Sai kujera ta motsa. Sai aka ce:

"Tsaya, tsaya. Kin shigo da wuri kamar mai gudun ruwan sama. Jira ni."

Muryar Yaya ce. Mai kauri, mai ɗan shaƙewa, yadda take in ya daɗe bai yi magana ba.

Na ji dariyata. Na ji ya ƙirga da yatsa a kan tebur. Ya fara rerawa a hankali, ba kalmomi, daga ƙirji, ni kuma na hau kai da kalmomin. Bai daina ba. Har ƙarshen amshin yana ƙarƙashina, rabin taki a gabana, yana ja ina bi. Can nesa, ta bayan ƙofa, Umma ta kira: "Auta! Tukunyar nan fa!" Yaya ya ce, "Ki bar ta ta ƙone, tarihi muke yi." Layin ya ƙare.

Ga abin da na lura da shi a lokacin, tun da na yi muku alkawarin gaskiya. Akwai tabon shayi a gefen teburin Injiniya. Agogon bangonsa ya tsaya. Yatsun ƙafata sun yi sanyi ko da yake ɗakin da zafi. Ban yi kuka ba. Na jira ya zo, bai zo ba.

"Ban san yana shiga ba," na ce.

"Ba ya sa miki abin kunne, ko?"

"Ya ce ɓata lokaci ne, ai gogewa za a yi."

"Shi ya sa. Makirfo ɗaya, ku biyu a gabansa. Duk waƙoƙin haka suke, albam ukun." Ya gyara gilashinsa. "Na gwada raba ku. Ji."

Ya kunna wani. Muryata ta tafi, amma abin da ya rage ba Yaya ba ne. Kamar mutum yana magana daga cikin bokitin ruwa.

"Kashe."

Ya kashe. "Layi ɗaya ne. In na cire ki, na cire shi."

"Hajiya ta san haka?"

"Na faɗa mata."

"Me ta ce? Kalmominta nake so, ba fassararka ba."

Ya ɗan yi murmushi, na gajiya. "Ta ce Allah ya jiƙansa. Ta ce amma matar ɗanta ba za ta zama abin kunnawa a mota ba. Ta ce a goge, tun da an ga abin da aka ajiye ma yana da ƙafa."

"Kai kuma?"

"Na ce to." Ya kalli hannuwansa. "Na kira mawaƙiya, za ta zo da yamma. Ta iya waƙa, ta taɓa aiki da shi. Amma zan tura miki kwafi kafin in goge. Ki ajiye a wayarki, ki sa masa wani suna, rahoto ko wani abu. Babu wanda zai sani."

"Har Hajiya."

"Musamman Hajiya."

"Wato in shiga gidanku da Yayana a ɓoye a jaka."

"Ba haka nake nufi ba."

"Na sani. Kai me kake so?"

"Ina so in aure ki."

"Ba ita na tambaya ba."

Ya cire gilashin, ya murza idonsa. Ban taɓa ganin fuskarsa ba gilashi ba, ta fi ƙuruciya.

"In injiniya kike tambaya, ko numfashi ɗaya ba zan taɓa ba. Na yi shekaru ina aiki da mutumin nan, ban taɓa kama muryarsa ba. Mutanen da suka tsaya a layinku ba su san yadda take ba. Wannan rerawar da yake yi a ƙasa, ita ce albam ɗin." Ya mayar da gilashin. "Amma ba injiniya ne zai zauna da Hajiya ba."

Amsa ce mai kyau. Da a ofis ne da ita zan yi kanu.

Lauya ya dawo da ruwa a leda, ya tsaya a bakin ƙofa yana karanta fuskokinmu. "Anti, kin ji oga, ko? 'Tarihi muke yi.' Wallahi da na ji, sai da na zauna a ƙasa. Don Allah kada ki bari..."

"Lauya," in ji Injiniya.

"Na yi shiru. Kotu ta tashi."

Injiniya ya tura mini koren layin shi kaɗai, ba kiɗa. Ya rako ni har ƙasan bene, ya tsaya nesa kaɗan yadda ya saba.

"Kayan naku ne, ba zan taɓa ba sai kin ce. In ta iso zan turo miki saƙo. Kalma ɗaya ta isa."

A mota na zauna kusa da taga. Wata mata a gefena tana faɗa da mijinta a waya kan makullin gida. Na saurare ta har na sauka. Ban yi tunanin komai ba, ko kuma ban kama kaina ina yi ba.

Na tarar Gwaggo ba ta tafi ba. Ta cire mayafi ta ninke a hannun kujera, ta ci abinci, tana ba Umma labarin kalar labulen da ya dace da ɗakin amarya. Umma tana kan tabarmarta, yanzu da kwandon wanki a gabanta, tana ninke zannuwan gado.

"Yauwa, 'yar albarka. An gama?"

"Tukuna."

"Me ake jira? Saukar ruwa?"

Na zauna a ƙasa kusa da Umma. Na ajiye wayar a kan tabarma tsakaninmu.

"Umma, kafin a goge, ina so ki ji abin da za a goge."

"A'a," in ji Gwaggo. "Kada ki ɗaga mata hankali da kaɗe-kaɗe. Matar da ko talabijin ba ta kunnawa?"

"Babu kiɗa a ciki, Gwaggo."

Na danna.

Ƙarar ɗaki. Kujera. "Tsaya, tsaya. Kin shigo da wuri..."

Hannun Umma ya tsaya a tsakiyar ninki. Ba ta kalli wayar ba. Ƙofar baya ta kalla, wadda ke fita zuwa ɗakinsa.

Rerawar ta cika falon, tasa a ƙasa, tawa a sama. Da muryar Umma ta fito daga nesa tana kiran tukunya, sai Umma ta sa hannu ta rufe bakinta, kamar ita ce ta katse shi yanzu. "Ki bar ta ta ƙone, tarihi muke yi."

Wani yana wanke mota a maƙwabta, ana jin ruwa yana dukan ƙarfe.

"Ta ƙone kuwa," in ji Umma. Muryarta daidai take, kamar tana ba da shaida. "Sai da na jiƙa tukunyar nan ta kwana. Mayar."

Na mayar. Ta saurara har ƙarshe.

"Mayar."

A karo na uku ta jawo wayar kusa da gwiwarta. Gwaggo ta ɗauki mayafinta ta buɗe, ta sake ninkewa.

"Ni ba a ce mini yana ciki ba," ta ce a hankali. "Wallahi ba a ce mini ba." Ta share hanci da gefen mayafin. Can kuma, don ita Gwaggo ce: "To amma ba za a iya cire ta a bar shi ba? Duk wannan na'urar tasu?"

"An gwada. Ba ya yiwuwa."

"To a ajiye mana a gida mu kaɗai."

"Hajiya ta ce a goge. Injiniya ya ce mata to."

"To a ɓoye mana!"

Umma ta ɗago ta kalle ta. Kallo ɗaya.

"Guda nawa ne irin wannan?" Umma ta tambaye ni.

"Duk waƙoƙin, Umma. Albam uku."

"A kowacce yana magana?"

"Haka Injiniya ya ce."

Ta gyaɗa kai. Ta ɗauki zanin gadon ta ƙarasa ninkinsa, gefe da gefe, ta ɗora a kan sauran. Ba ta ce in yi kaza ba. Ba ta janye abin da ta faɗa da safe ba. Ta bar mini hukuncin a inda yake tun farko, a hannuna.

Wayar ta yi haske a kan tabarma. Mu uku muka gani.

"Ta iso. In fara?"

Gwaggo ta ce, "Auta, ki yi tunani. Mamaci ya tafi, ke kina nan. Wannan yaron ba za ki sami irinsa a kan hanya ba."

Gaskiya ta faɗa, kuma na san gaskiya ce. Na ɗauki wayar. Na duba cikina ko akwai wani abu da zai hana ni ko ya tura ni, tsoro ko fushi ko so. Ban sami komai ba sai rerawar nan, rabin taki a gabana.

Na rubuta: "Kada ka taɓa. A fitar da su yadda ya bar su." Na karanta sau ɗaya, babu abin yankewa. Na tura.

Ya karanta nan take. Alamar yana rubutu ta fito, ta ɓace. Ta sake fitowa, ta daɗe, ta ɓace.

Gwaggo ta ɗora hannu biyu a ka. Umma ta ɗauki wani zanin.

Ba a jima ba wayar ta fara ruri. Ba lambarsa ba ce. Lambar da na ajiye ce tun ranar da ya kai ni na gaishe ta, ban taɓa kira ba, ba ta taɓa kirana ba. Sunan ya cika allon: Hajiya.

Na kai yatsa zan ɗauka. Umma ta ajiye zanin, ta goge tafinta a cinya, ta miƙo hannu.

"Ba ni," ta ce. "Uwa ce take nema."